Babi na Bakwai: Gyambon da Ke Cin Shekara

"Wai me ya hana wannan gyambon warkewa?" Tambayar da ake yi ke nan a tsakar gida idan ƙurji ya haura wata biyu a kumatun yaro ko a dantsen magidanci. An wanke shi da ruwan ɗumi da gishiri, an fasa kafso an barbaɗa, an je kemis an sha allurai, an shafa man da maƙwabciya ta kawo, amma yana nan daram, sai ma ƙara faɗi da yake yi. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne ba ya zafi. Yaro na wasansa, yana cin abincinsa, ba zazzaɓi ba komai, ga kuma rami a fuskarsa. Daga nan sai zance ya sauya. Wani ya ce daji ne, kada a bari ƙarfe ya taɓa shi. Wata ta ce wannan ai jifa ne, a nemi malam.

Abubuwan da ke hana gyambo warkewa suna da yawa: ciwon suga, sikila, tarin fuka da ya fito a fata, kuturta, har da ciwon kansa. Wannan babi zai tsaya kan guda ɗaya daga cikinsu, wanda likitoci ke kira lishmaniya ta fata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 600,000 zuwa miliyan 1 ne ke kamuwa da ita kowace shekara, amma waɗanda labarinsu ke isa ga hukumar ba su wuce kimanin 200,000 ba. Sauran suna ƙauyuka da sansanonin gudun hijira da bayan gari, suna ta yin tambayar nan da muka fara da ita.

Ƙwaron da ba a jin zuwansa

Sauro yana da hali ɗaya mai amfani, yakan yi kuka a kunne kafin ya ciji mutum. Ƙudan rairayi, wanda ke ɗauke da wannan cuta, ba ya yin ƙara ko kaɗan. Tsawonsa milimita 2 zuwa 3 ne, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na sauro. Launinsa ruwan ƙasa ne mai haske, jikinsa duk gashi, idan ya sauka kuma yakan ɗaga fukafukansa sama a buɗe maimakon ya kwantar da su. Ba shi da ƙarfin tashi. Tsalle-tsalle yake yi a jikin bango, kusa da ƙasa, iska mai ɗan ƙarfi ma takan hana shi fitowa, kuma ba ya yin nisa da inda aka ƙyanƙyashe shi.

Da rana yana ɓoye a wuri mai duhu da ɗan laima: tsagar bango, ramin ɓera, kogon bishiya, cikin suri, turken dabbobi. Da almuru yake fitowa, ya yi ta yawo har asuba. Namijin ruwan tsirrai kawai yake sha. Tamatar ce ke cizo, saboda sai da jini ƙwanta ke ƙosawa. A nan akwai bambancin da ya kamata mai karatu ya riƙe: sauro a ruwa yake zuba ƙwai, shi ya sa ake cewa a rufe randa, a yashe kwata. Ƙudan rairayi ba ruwansa da kududdufi. A ƙasa mai danshi da ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi yake hayayyafa. Mutum zai iya tsane duk ruwan da ke kwance a gidansa, alhali ƙwaron na nan a jujin bayan katanga.

Ba kowane ƙudan rairayi ke ɗauke da cutar ba. Cikin ɗaruruwan irinsa, sama da 90 ne aka sani suna yaɗa ta, kuma ita kanta ƙwayar cutar tana da iri sama da 20 da ke kama ɗan'adam.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin fata

Ƙwayar lishmaniya 'yar mitsitsiyar halitta ce da ba a gani sai da madubin likita. Danginta ɗaya da ƙwayar da ƙudan tsando ke ɗauka, mai kawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu. Wannan shi ne dalilin farko da ya sa kafso da alluran kemis ba sa yi mata komai: an yi su ne don kashe bakteriya, ita kuwa wata halitta ce dabam.

Idan tamatar ƙudan ta sha jinin dabba ko mutum mai cutar, ƙwayoyin kan shiga hanjinta, su fito da 'yar wutsiya, su yi ta ninkuwa na mako guda zuwa biyu. Sai su taru kusa da maƙogwaronta, su fitar da wani abu mai yauƙi da ke toshe mata hanyar haɗiya. Idan ta zo cizo na gaba sai jinin ya ƙi wucewa, ta yi ta ƙoƙari tana sake soka baki, har ta amayar da toshiyar nan tare da ƙwayoyin cikin fatar wanda ta ciza. Wato ƙwayar ta mai da ƙwaron ma'aikacinta.

A jikinmu akwai wasu fararen ƙwayoyin jini da aikinsu shi ne haɗiye duk baƙon abin da ya shigo, su narkar da shi. A ɗauke su a matsayin masu gadin unguwa. Mai gadi ya kama ɓarawo, ya jefa shi ɗakinsa ya kulle, yana ganin magana ta ƙare. Ashe ɓarawon ɗakin yake nema tun farko. A ciki ba mai ganinsa, 'yan sintiri na wucewa ta ƙofa ba su san yana nan ba, ga abincin mai gadi yana ci. Ya zauna ya hayayyafa har ɗakin ya cika ya tsage, 'ya'yansa su fito, sauran masu gadi su ruga su kama su, kowa ya kai nasa ɗaki ya kulle. Haka lishmaniya take yi. Tana yar da wutsiyarta, ta dunƙule, ta zauna a cikin ƙwayar da aka halitta don kashe ta.

Ramin da muke gani a fata yawancinsa ɓarnar faɗa ce. Idan jiki ya farga cewa masu gadinsa sun zama maɓoya, sai ya aiko da rundunar da za ta rushe su, naman da ke kewaye ya lalace tare da su. Wannan faɗan ne kuma, bayan watanni, yake kawo waraka.

Daga ƙurji zuwa rami

Cizon kansa ba ya barin alamar da za a tuna. Bayan makonni, wani lokaci watanni, sai ɗan jan ƙurji ya fito a wurin. Kusan kullum a inda tufa ba ta rufewa ne: fuska, kunne, wuya, hannu, ƙafa. A hankali ya yi tauri ya girma, tsakiyarsa ta yi ɓawo. Ran da ɓawon ya faɗi sai a ga gyambo mai da'ira, bakinsa ya tashi ya yi kauri, tsakiyarsa ta lotsa, jajir, wani lokaci da ɗan ruwa-ruwa. Zai iya zama guda ɗaya, zai iya zama biyar ko goma, domin ƙudan da maƙogwaronsa ya toshe yakan ciji wuri da yawa a dare ɗaya. Wasu kan ji ƙananan ƙulalai a jere a ƙarƙashin fata, sun tashi daga gyambon sun nufi hammata ko matsematsi.

Idan ya fara zafi da wari da fitar da mugunya, galibi wata ƙwayar ce ta samu ƙofa a buɗe ta shiga. A nan kam maganin bakteriya yana da amfani: zai kwantar da kumburin, ya tsayar da mugunyar, har a yi murna an samu sauƙi. Amma ramin ba zai rufe ba.

Irin da ya fi yawa a Afirka ta Yamma yakan warke da kansa cikin watanni, sau da yawa kafin shekara ta zagayo. Irin da ke biranen Gabas ta Tsakiya da Afghanistan ya fi bushewa, ya fi kuma daɗewa, yakan kai shekara ko ya wuce. A Kudancin Amurka akwai mai muni ƙwarai, wanda gyambon fata zai warke, bayan shekaru cutar ta ɓullo a hanci da baki ta ci naman wurin. Sama da kashi 90 cikin 100 na masu wannan nau'i suna Bolibiya da Brazil da Peru da kuma Habasha.

Daga Halab zuwa Damagaram

Mutane sun san gyambon nan tun kafin su san dalilinsa, kuma kowane gari da ya addaba sai a laƙaba masa sunan garin: ƙurjin Halab, ƙurjin Bagadaza, ƙurjin Delhi, ƙurjin Biskira ta Aljeriya. A 1756 wani likita ɗan Sikotland mai suna Alexander Russell, wanda ya zauna a Halab ta ƙasar Sham, ya bayyana shi a littafinsa kan birnin, inda mutanen gari ke kiransa ƙurjin shekara saboda tsawon zamansa.

A 1898 wani likitan sojan Rasha, Piotr Borovsky, ya ga ƙwayar a gyambon marasa lafiya a Tashkent, amma da Rashanci ya rubuta, a mujallar soja, duniya ba ta lura ba. A 1903 likitoci biyu, William Leishman a Ingila da Charles Donovan a Madras ta Indiya, kowa ya ba da rahoton ganin irin wannan ƙwaya a saifar masu wani zazzaɓi mai kisa, aka kuma sa mata sunan na farkon. A shekarar ce dai James Homer Wright ya gan ta a Boston, a gyambon wata yarinya 'yar Armeniya. Saura sanin mai kawo ta. A 1921 'yan'uwa biyu, Edmond da Étienne Sergent na Cibiyar Pasteur ta Aljeriya, suka sa aka kamo ƙudajen rairayi daga yankin Biskira, aka murƙushe su a fatar masu sa kai a birnin Aljas inda ba a san cutar ba, gyambon kuwa ya fito. Sai a 1941 wani masani mai suna Saul Adler ya tabbatar da cewa ta cizo take shiga.

Yankinmu yana cikin wannan tarihi tun da wuri. Rahoton farko na cutar a Afirka ta Yamma daga yankin Damagaram ya fito, a 1911, ta hannun wani likitan Faransa mai suna Stevenel. Bayansa aka same ta a Arewacin Najeriya, da Senegal, da Mali, da yankin Mokolo na Arewacin Kamaru, da Chadi, har zuwa Sudan. Likitoci a Sakkwato sun rubuta rahotanni kan yaran da aka kawo musu da ita. A wannan sashe na Sahel an fi ganin sababbin gyambuna daga ƙarshen damina zuwa kaka, bayan ƙudan ya yi yawa a lokacin danshi.

Ɓera, sabuwar unguwa da yaƙi

A yankinmu, ainihin mazaunin ƙwayar ɓerayen daji ne. Tana zagayawa tsakanin ɓera da ƙudan da ke kwana a raminsa, mutum kuwa tsautsayi ne ke jefa shi a tsakani: manomin da ya kwana a gona, makiyayi, sojan da aka girke a daji, magidancin da ya gina gida a bakin gari inda jiya gona ce. A tsaunukan Habasha rema ce ke riƙe da ita.

Abin da ya faru a Wagadugu ya isa misali. Daga 1996 aka fara ganin cutar da yawa a birnin, daidai lokacin da ake share fili ana gina sabuwar unguwar da ake kira Ouaga 2000, har mutanen gari suka sa wa gyambon sunan unguwar. A Ghana ma ta ɓarke a yankin Ho a 1999. A Sudan ta mamaye Khartoum da tsibirin Tuti a tsakiyar shekarun 1980. Duk garin da ke faɗaɗa cikin gaggawa, ana tone ƙasa, ana tara shara ba mai kwashewa, to yana shimfiɗa wa ƙudan nan wurin zama, kuma garuruwanmu da yawa haka suke girma yau.

Irin na birane ba ya bukatar ɓera: daga mutum zuwa ƙuda, daga ƙuda zuwa mutum. Shi ne ke bin yaƙi. Rusassun gine-gine sun cika da tsaga, shara ta taru, feshin magani ya tsaya, asibiti ya rufe, jama'a sun cunkushe a tanti. A 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kimanin 200,000 ne ke ɗauke da cutar a Kabul kaɗai. Da yaƙin Siriya ya ɓarke a 2011, ƙurjin Halab ya dawo da ƙarfinsa, ya kuma bi 'yan gudun hijira zuwa Lebanon da Turkiyya. Ɗaruruwan sojojin Amurka da suka shiga Iraƙi a 2003 sun koma gida da shi. Duk mai kula da sansanin 'yan gudun hijira a Borno ko Diffa ya kamata ya san kamannin wannan gyambo.

Tabon da ya rage

Akan ce cuta ce mai sauƙi tunda ba ta kisa kuma tana warkewa da kanta. Ban yarda da wannan magana ba. Gyambon na tafiya, amma tabonsa ba ya tafiya: wuri ne lotsattse, launinsa ya bambanta da sauran fata, kuma sau da yawa a fuska yake. Idan a fatar ido ne, ko leɓe, ko kan gaɓar yatsa, yakan janye naman wurin ya hana shi aiki daidai. A Afghanistan an sha ba da labarin 'yan matan da aka hana zuwa makaranta, da waɗanda aurensu ya gagara, da iyaye matan da aka nisanta da 'ya'yansu don tsoron kada su shafa musu. Tsoron nan ba shi da tushe. Ba a ɗaukar lishmaniya ta gaisawa, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko shayarwa. A mu'amalar yau da kullum, sai ƙuda ya shiga tsakani.

Mutanen dā a Gabas ta Tsakiya sun lura da abu biyu: wanda ya yi gyambon sau ɗaya da wuya ya sake yin irinsa, kuma inda ya fito nan ne tabo zai zauna. Sai suka riƙa ɗibar ruwan gyambo suna sa wa yara a ɗuwawu ko cinya, don cutar ta yi abinta a ɓoye, fuska ta tsira. A ƙarni na 20 likitoci sun yi haka a hukumance a Tarayyar Sobiyat da Isra'ila, Iran kuma ta yi wa ɗimbin sojojinta lokacin yaƙinta da Iraƙi a shekarun 1980. An daina a yawancin ƙasashe saboda a jikin wasu gyambon da aka dasa yakan ƙi warkewa. Har yau babu allurar rigakafin wannan cuta da aka amince a yi wa mutane.

Mafi munin tabo kuwa sau da yawa hannun mutane ne ke yin sa. Ruwan batir, fetur, sinadarin wanke masai, lalas da jan ƙarfe: duk an gwada su a kan wannan gyambo a ƙasashe dabam-dabam. Suna ƙona lafiyayyar fata, su mai da ramin da bai fi kwabo ba ya zama ƙuna mai cin rabin kunci. Kuma da yake cutar kan warke da kanta, duk abin da aka shafa a watan ƙarshe shi ke karɓar yabo, sai a ba wa na gaba shawarar ya yi shi tun farko.

A asibiti

Gyambon da ya wuce wata guda bai rufe ba, musamman maras zafi mai tasasshen baki, a kai shi asibiti a nemi gwaji. Gwajin ba shi da wuya: a kankaro ɗan nama daga bakin gyambon, a shafa a gilashi, a rina, a duba da madubin likita. Manyan asibitoci suna da gwajin da ke bayyana ainihin irin ƙwayar. A gaya wa likita inda aka je a watannin baya, ko gona ce, ko wani gari, ko wata ƙasa, da kuma ko akwai wasu masu irinsa a gida ko unguwa. Wannan bayani kaɗai na iya tuna masa da cutar da bai saba gani ba.

Idan gyambon ƙarami ne, guda ɗaya, a wurin da ba ya da haɗari, likita na iya cewa a riƙa wankewa ana rufewa a jira. Idan a fuska ne, ko kan gaɓa, ko suna da yawa, ko mutum garkuwar jikinsa ta yi rauni kamar mai ɗauke da ƙanjamau, to sai magani. Akan yi allura a bakin gyambon kansa, ko a daskarar da shi da ruwan naitirojin, ko a ɗumama shi da wata na'ura zuwa digiri 50 na daƙiƙa 30, domin ƙwayar ba ta jure zafi. A lura, wannan zafi ne da aka auna, bai kai na ruwan shayi ba, ba shi da alaƙa da ɗora ƙarfe daga wuta.

Tsohon maganin da har yanzu aka fi dogara da shi daga sinadarin antimoni ake yin sa. Wani likita ɗan Brazil, Gaspar Vianna, ya fara gwada shi a 1912, kuma nau'in da ake amfani da shi yau, irin su Glucantime, tun shekarun 1940 yake. Allura ce ta kullum har kwana 20, mai zafi, mai iya taɓa zuciya da hanta, don haka ba ta kemis ba ce. Akwai na sha mai suna miltefosine, amma yana cutar da ɗan tayi, ba a ba mai ciki. A ce cutar da ke kama kusan mutum miliyan a shekara har yanzu maganin zamanin kakanni ne jigonta, wannan ya nuna su wane ne masu cutar: talakawan da kamfanonin magani ba sa hango riba a jikinsu.

Tsare gida

Gidan sauro mai magani shi ne kariya ta farko. Ƙudan ƙarami ne, zai iya kutsawa ta ramin gidan sauron da ba shi da magani, amma mai magani yana kashe shi ko ya kore shi. Matsalar ita ce lokacin bazara, sa'ad da zafi ke koro kowa tsakar gida a shimfiɗa tabarma a ƙasa, daidai inda ƙudan ke yawo. Ko a waje za a kwana, a ɗaura gidan sauron, a kuma hau gado idan da hali. A yaɓe tsagar bango, a kwashe juji daga jikin ɗaki, a matsar da turke nesa da makwanci, a toshe ramukan ɓera. Mai kwana a gona ya sa riga mai dogon hannu da wando tun magariba.

Duk abin da muka faɗa a wannan babi ya shafi ƙwayar da ta tsaya a fata ne. Tana da 'yar'uwa wadda ba ta tsayawa nan. Ƙudan rairayi ne dai ke kawo ta, amma ita takan wuce cikin jini ta sauka a saifa da hanta da ɓargo, ta kawo zazzaɓi na makonni, ciki ya kumbura, mutum ya rame, kuma sama da kashi 95 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa magani ba suna mutuwa. Sunanta kala-azar. Ɗaya daga cikin manyan matattararta a duniya ita ce jihar Gadarif a gabashin Sudan, inda ƙauyukan Hausawa ke zaune a bakin kogin Rahad da na Atbara. Can za mu nufa a babi na gaba.